Ba Kowace Magana Ce Ta Cancanci Ƙaton Harafi Ba

Akwai wani zubin haruffa da ya cika duniya har ido ya daina lura da shi. Dogaye ne, masu kauri, matsattsu, kusan kullum da manyan baƙaƙe, a tsaye ƙyam babu lanƙwasa babu ado. Su ne a kanun jaridun da ke son a hango su daga nesa, su ne a fostocin fim da na dambe, a jikin kwantena, a rigunan 'yan wasa, a kan hotunan barkwancin intanet, da kuma ƙananan hotunan nan da ke zuga mutum ya latsa bidiyo a YouTube. Masu zane suna jingina su ga masana'anta, domin da ganinsu sai ƙarfe da inji da jirgin ƙasa da akwatin kaya su faɗo wa mutum a rai.

Ina son haruffan nan, shi ya sa abin da ake yi da su yake ci mini rai. An ƙera su ne don kalmomi kaɗan waɗanda dole a gani daga nesa, a wurin da fili ya yi ƙaranci. Duk wanda ya ɗora musu wani aiki ban da wannan, ɗayan biyu yake yi: ko yana yi wa jama'a ihu ba gaira ba dalili, ko kuma yana ɓoye musu abin da ya kamata su karanta. Na farkon yana gajiyar da ido. Na biyun cuta ce, kuma ita ce ba a cika ɗaga murya a kanta ba.

Ƙuncin takarda ne ya haifi matsattsen harafi, ba son burgewa ba. Kafin ƙarni na 19, maɗaba'a littafi ta fi sani, haruffanta ƙanana ne don mai karatu a zaune. Da masana'antu suka bunƙasa a Ingila, birane suka cika da masu sayarwa da masu shela, sai aka buƙaci rubutun da zai tsayar da mai wucewa. Masu zuba haruffa a Landan suka fara kumbura su, a 1816 kuma William Caslon na huɗu ya fitar da haruffan bugawa marasa 'yan ƙafafun adon nan da ake yi wa bakin kowane harafi. Sai dai zuba ƙaton harafi da dalma aiki ne mai wuya: ga nauyi, ga tsada, ga shi idan ya huce fuskarsa ba ta fitowa daidai. A New York wani mai suna Darius Wells ya samo hanyar sassaƙa haruffa daga katako da inji, ya fitar da kundin samfurinsa a 1828. A 1834 William Leavenworth ya haɗa wannan inji da na'urar kwafar zane, yadda daga samfuri ɗaya za a iya yanka harafi a girma iri-iri.

Sai a dubi matsalar mai buga fosta na wancan zamani. Faɗin takardarsa ba ya ƙaruwa, kuma yana son kowane layi ya cika daga wannan gefe zuwa wancan. Idan kalma gajera ce, sai ya ɗauko faffaɗan haruffa. Idan doguwa ce, ba shi da mafita sai matsattsu, don kada ya rage tsayi rubutun ya ƙanƙance. Haka editan jarida, wanda ke da siririn gurbi da kanu mai nauyi. Da Morris Fuller Benton ya zana Alternate Gothic a 1903 a Amurka, faɗi uku ya yi masa, na 1 da na 2 da na 3, don mai haɗa shafi ya zaɓi wanda zai shiga gurbin da ke gabansa. Kayan aiki ne na fita kunya a lokacin da wuri ya ƙure.

Ɗaya jijiyar daga Jamus ta fito, kuma ita ce ta ba wa salon ƙamshin ƙarfe. A 1905 hukumar jiragen ƙasa ta Prussia ta tsayar da zubin rubutu ɗaya da za a riƙa yi wa taragunta. Daga nan aka gina ma'aunin da ake kira DIN 1451, wanda ya fara fitowa a 1931, ya zama ma'aunin ƙasa a 1936. Injiniyoyi ne suka tsara shi a kan takarda mai gidaje-gidaje, kaurin sanda ɗaya daga farko har ƙarshe, yadda duk mai rula da kamfas zai iya sake zana shi ko da bai taɓa koyon zane ba. Abin da ya fi jan hankalina a ma'aunin shi ne yadda ya kasa kansa: akwai matsakaicin faɗi, akwai matsattse da ake kira Engschrift. A allunan hanyoyin Jamus matsakaicin ne asali, matsattsen kuwa ana komawa gare shi ne idan sunan gari ya yi tsawo ya ƙi shiga allo. Wato su kansu masu abin ba su ɗauke shi abin fara ɗauka ba. Mu ne muka mai da shi haka.

Yadda muka kai ga haka ba wani abin mamaki ba ne. Bayan yaƙin duniya na biyu mujallu da masu talla suka so baƙi mai yawa a kan takarda. Walter Haettenschweiler ya fito da nasa a Suwizalan a 1954, Fred Lambert ya yi Compacta a 1963, Geoffrey Lee kuma ya yi Impact a 1965 don kamfanin Stephenson Blake na birnin Sheffield. Da Impact ya tsaya a maɗaba'a, da yau masana kaɗai suka san shi. Amma a 1996 Microsoft ta sa shi cikin 'yan haruffan da ta raba kyauta don shafukan intanet, ya shiga kusan kowace kwamfuta. Duk wanda ya so rubuta wani abu a kan hoto ya buɗe jerin haruffa, shi ne mafi kauri da zai tarar. Da haka farin Impact mai baƙin gefe ya zama muryar barkwancin intanet. Daga baya na kyauta suka biyo sahu: League Gothic a 2009, Bebas Neue na Ryoichi Tsunekawa daga Japan a 2010, Oswald na Vernon Adams a 2011. Dukansu aiki ne mai kyau, ban da abin cewa a kan masu zana su. Sai dai abin da a da sai an je an ɗauko shi daga aljihun tebur a maɗaba'a, a auna, a jera da hannu, yanzu latsawa ɗaya ne.

To me matsewa ke yi wa harafi? Mutane suna zaton baƙin tawada ake karantawa. Rabin karatun kuwa farin da ke ciki da kewayen harafin ne. Abin da ya bambanta O da D shi ne yadda cikinsu ya kewaya. Abin da ya bambanta C da G da O shi ne 'yar ƙofar da ke gefen dama. Idan aka ƙara kauri, baƙi ya ci farin ciki. Idan aka matse, gefen da ya kamata ya zagaya ya miƙe ya koma sanda. Idan aka haɗa biyun, sai O da D da Q su zama dogayen akwatuna masu siririyar tsaga a tsakiya, 3 da 8 da B su fara kama da juna, M da N da W da H kuwa su zama sanduna a jere waɗanda sai an matso ake gane inda aka gitta su. A ƙaton girma ba matsala, tsagar tana da faɗin da ido zai kama. A ƙaramin girma, ko da daddare da fitilar mota ta haske allo farin ya bazu, ko ga mai raunin gani, tsagar rufewa take yi.

Jamusawa sun ɗanɗana wani ɓangare na wannan a lambobin motoci. Da yake haruffan DIN daga 'yan gaɓoɓi iri ɗaya aka harhaɗa su, da ɗan baƙin tef ko fenti ana iya mai da P ta zama R, F ta zama E, 3 ta zama 8. Dole ta sa aka zana wani salo dabam, FE-Schrift, wanda kowane harafi ke da siffar da ba ta rikiɗa zuwa wani cikin sauƙi, kuma tun shekarar 2000 shi ake sa wa sababbin lambobi. Ba shi da kyan gani, kowa ya yarda. Amma ba kyau aka aike shi nema ba.

Bincike ma ya faɗi nasa, kuma bai goyi bayan kowa ɗari bisa ɗari ba. Tun 1928 Miles Tinker da Donald Paterson na Jami'ar Minnesota suka auna cewa dogon rubutu da manyan baƙaƙe zalla yana rage saurin karatu da kusan kashi 12 cikin ɗari. A 2017 wasu masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka tare da kamfanin haruffa na Monotype suka gwada karatun ƙiftawar ido, irin wanda direba ke yi wa allon mota. Sai suka tarar a kalma ɗaya manyan baƙaƙe sun fi saurin ganewa, amma matsattsun haruffa suna cin ƙarin lokaci da kimanin kashi 11 cikin ɗari a kan masu faɗin da aka saba. Ma'ana, manyan baƙaƙe suna taimaka wa gajeriyar magana, matsewa kuwa kullum da kuɗinta, sai dai a ga ko abin da aka saya da ita ya kai. Hukumar manyan hanyoyin Amurka ta daɗe da sanin haka. Haruffan allunanta an kasa su daga A, mafi matsewa, zuwa F, mafi faɗi. An daina amfani da A gaba ɗaya, manyan korayen allunan da ake karantawa a guje kuwa da faffaɗan rukunin E ake rubuta su. Ƙa'idojin 2010 na dokar kare haƙƙin naƙasassu a can sun ma sa lamba: a allunan da dokar ta shafa, faɗin babbar O kada ya gaza kashi 55 cikin ɗari na tsayin babbar I.

Duk da haka ba zan bi masu cewa a yi watsi da salon ba. Akwai lokacin da babu kamarsa. A watan Fabrairun 1968 ma'aikatan kwashe shara baƙar fata kimanin 1,300 suka shiga yajin aiki a birnin Memphis na Amurka. Kwalayen da suka ɗaga suna ɗauke da gajerun kalmomi huɗu na Ingilishi masu ma'anar "ni mutum ne", da dogayen baƙaƙen haruffa matsattsu a kan fari. Mutanen da aka hana su baki a ofis suka sami bakin da ake ji daga ƙarshen titi, kuma har yau mai kallon hotunan yana karanta rubutun kafin ya ga fuskokin. Da siririn rubutu mai lanƙwasa aka yi su, da iska ta kwashe. Haka lambar da ke jikin kwantena, wadda ma'aunin ƙasa da ƙasa ya ce kada tsayinta ya gaza santimita 10, domin mai tuƙa injin ɗaga kaya daga sama yake karantawa. Haka "haɗari" a jikin na'urar wuta, haka "mafita" a dogon gini, haka kanun ranar da aka yi girgizar ƙasa. Allon waya ma, da yake dogo ne siriri, ya dawo mana da tsohuwar matsalar mai buga fosta, kuma kanu mai kalma biyar da matsattsen harafi yakan zauna a cikinsa daram. Mujallar Bloomberg Businessweek ta nuna a 2013, da salon Druk da Berton Hasebe ya zana mata, cewa za a iya cika shafi da kalma ɗaya ƙatuwa a bar sauran labarin ya yi magana a hankali. Sirrin yana cikin barin sauran ya yi magana a hankali.

Wannan ne aka rasa. Yanzu komai gaggawa ne. Rangwamen takalma da manyan baƙaƙe, taron ƙara wa juna sani da manyan baƙaƙe, bidiyon wanda ya buɗe sabuwar waya da manyan baƙaƙe masu jan gefe kamar an tashi duniya. Kamfanin da ba ya ƙera ko allura, wanda duk aikinsa a allon kwamfuta yake, ya yi tambari da haruffan da ake fesa wa akwatin soja, har da 'yan tsagogin nan na farantin fenti da tabon tsatsa na ƙarya, don a ce shi ma mai ƙwazo ne, mai datti a hannu. Kayan aro dai ba ya rufe katara. Abin da ake arowa shi ne kwarjinin hukuma da na masana'anta, wato muryar da idan ta ce tsaya ake tsayawa saboda akwai dalili.

Za a ce mini wannan ai zancen ɗanɗano ne, kowa da abin da yake so, me ya kawo jama'a ciki? Ga abin da ya kawo su. Hankalin mai wucewa ba na mai talla ba ne shi kaɗai. Idon mutum yana koyo. Idan sau ɗari ya waiwaya saboda ƙaton baƙin rubutu ya tarar da tallar sabulu, a na ɗari da ɗaya ba zai waiwaya ba, kuma wataƙila wannan ne ke cewa gada ta karye a gaba. Masu kula da lafiyar ma'aikata a masana'antu sun san wannan sarai, shi ya sa ma'aunan allunan gargaɗi suka ware kalma da launi don haɗarin da ke kisa, suka ware wasu don ƙaramin haɗari, suka hana a cakuɗa. A cikin katangar masana'anta ana tsimin babbar murya. Da an fito waje kuwa kowa ɗiba yake yi. Ba ina kiran a kafa dokar hana mai talla kaurara rubutunsa ba ne, wannan ba zai yiwu ba kuma bai dace ba. Ina cewa ne mai zanen da ya san aikinsa ya tambayi kansa ko maganar da ke gabansa ta kai a ɗaga mata murya haka, kuma ya iya cewa mai ba shi aiki, "Ranka ya daɗe, idan muka kaurara duka, babu wanda zai fito."

Inda nake kiran doka shi ne ɗaya fuskar, inda ake matse harafi don kada a karanta. A dubi ƙasan kowace fostar babban fim. Akwai wani tarin sunaye da dogayen haruffa sirara kamar an ja su da zare. Ba ado ba ne. Yarjejeniyoyin da ake ƙullawa da 'yan wasa da daraktoci da marubuta sukan ƙayyade girman sunan mutum a kan girman sunan fim ɗin, kuma da tsayi ake aunawa. Sai masu zane suka ba kowa tsayin da takarda ta ce, suka ƙwace faɗin. An cika sharaɗi, lauyoyi sun gamsu, babu mai iya karantawa daga inda ake kallon fosta. A fim wannan abin dariya ne kawai, babu wanda zai kwana asibiti don bai gane sunan mai haɗa sauti ba.

Amma dabarar ba a fim ta tsaya ba. Ta shiga kwalin magani, gwangwanin abinci, robar maganin ƙwari, da ƙasan tallar bashi inda ake faɗin ainihin kuɗin ruwa. Na taɓa riƙe kwalin wani maganin tari ina neman adadin da ake ba yaro. Sunan maganin a gaba ya ci rabin kwalin, da faffaɗan haruffa masu numfashi. Adadin kuwa yana gefe, a cikin wani dogon sakin layi da matsattsun manyan baƙaƙe masu kauri, layi na hawa kan layi, fari a kan shuɗi. Lambar da nake nema ta tsaya tsakanin 3 da 8, sai da na ɗauki hotonta da waya na buɗa da yatsu biyu kafin na tabbatar. Wanda ya tsara kwalin zai rantse ya rubuta komai, kuma ba ƙarya ya yi ba. Har kaurara rubutun ya yi, wai don a ga muhimmancinsa. Kaurin ne ma ya ƙarasa toshe lambobin.

Masu yin doka a wasu wurare sun gano wannan wayo, a wasu kuma sun bar ƙofa a buɗe. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 1169 ta 2011 kan bayanan abinci ta ce tsayin ƙaramar x a rubutun dole kada ya gaza milimita 1.2, ko 0.9 a ƙananan fakiti. Ci gaba ne babba, amma lambar da ta gindaya ta tsayi ce. Wanda ke da harsuna goma da zai cusa a bayan kwali ɗaya ya san ta inda zai bi. A Amurka, ƙa'idar rubuta nauyin abin da ke cikin fakiti ta ce tsayin harafi kada ya wuce faɗinsa sau uku. Ƙa'idar gargaɗin da ke jikin kwalaben barasa a can ta fi haka tsauri, don ta ƙidaya haruffan da aka yarda su shiga inci ɗaya: 40 idan tsayin milimita 1 ne, 25 idan 2 ne, 12 idan 3 ne. Wanda ya rubuta wannan ya san halin mutane. Ra'ayina shi ne duk rubutun da doka ta wajabta, na magani ne, na guba, na abin da ke tayar wa wasu da rashin lafiya a abinci, ko na sharuɗɗan bashi, a sa masa lamba ta faɗi kamar yadda aka sa ta tsayi, a kuma hana rubuta shi da manyan baƙaƙe zalla idan ya wuce layi ɗaya ko biyu. Kamfanoni za su ce wuri ba ya isa. Wuri yana isa, tambari ne ya cinye shi.

Akwai kuma wata ɓarna da ba mugunta ce ke kawo ta ba, gaggawa ce. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan mai haɗa fosta a kwamfuta ya ga wannan. Mai aiki ya ƙaro kalma uku a kanu, layi ya ƙi shiga. Maimakon a sauya salo ko a rage magana, sai a kama gefen akwatin rubutun da linzami a tura shi ciki har ya shiga. Cikin daƙiƙa ɗaya an gama, kuma an lalata aikin watanni. Mai zana haruffa yakan sa sandunan kwance su ɗan fi na tsaye siranta, domin ido yana ganin na kwance sun fi kauri ko da daidai suke. Turawar nan tana sirantar da na tsaye ta bar na kwance yadda suke, sai lissafin ya juye: E ta yi manyan leɓɓa da siririn baya, O ta yi kauri sama da ƙasa ta rame a gefe, S ta karkace. Matsattsen harafi na gaskiya daga tushe ake zana shi a matse, a sake auna kowace sanda, a buɗa ƙofofin C da S da gangan, a gyara tazarar da ke tsakani. Mai kallo ba zai iya faɗin abin da ya ɓaci ba, amma zai ji allon ya yi araha.

Sai matsalar da masu rubutu da harsuna da yawa suka sani. Da yawa daga cikin waɗannan haruffa na kanu, musamman na kyauta, an zana su ne da baƙaƙen Ingilishi da na 'yan harsunan Yammacin Turai kawai. Mai rubuta Biyetnamanci yana buƙatar alamomi biyu a kan wasali ɗaya, kuma salon nan yana son layuka su matsu har babu sararin sama. Mai rubuta Turkanci yana buƙatar babbar I mai ɗigo. Mu kuma muna da Ɓ da Ɗ da Ƙ, waɗanda ƙugiyarsu fili take nema a gefe ko a sama, abin da matsattsen harafi ya fi rowa da shi. Idan salon ba shi da su, manhaja takan aro daga wani salo ba tare da ta yi shawara da kowa ba, sai ka ga ƙatuwar kalma baƙa ƙirin da siririyar Ƙ guda a farkonta tana rawar sanyi. Ko kuma mai zanen ya cire ƙugiyar ya huta, ya bar mai karatu da cankar abin da ake nufi. Kafin a zaɓi salo, a rubuta waɗannan baƙaƙe manya da ƙanana a gani. Idan babu su, salon bai dace da aikin ba, kome kyansa.

Fasaha ta riga ta kawar da uzurin turawa da linzami. Tun 2016 aka fito da tsarin haruffa masu sauyawa, inda fayil ɗaya ke ɗauke da faɗi da kauri iri-iri waɗanda mai zanen asali ya auna da kansa. Bahnschrift da Microsoft ta sa a Windows 10 a 2017, wanda daga DIN 1451 aka samo shi, irin wannan ne: ana iya rage faɗinsa sannu a hankali sandunan ba su lalace ba. Wannan alheri ne ga mai haɗa kanu. Sai dai wanda ke neman cusa gargaɗin magani a lungun kwali shi ma ya samu, kuma yanzu matsewarsa za ta fito tsaf, babu karkatacciyar S da za ta tona masa asiri. Mai duba kaya a hukuma ba zai ƙara gane ta da ido ba, sai da rula, kuma rular ba ta da amfani idan dokar da ke hannunsa tsayi kaɗai ta ambata.